Modem ɗin Alhaja a Shanzan

Gwanzu

Dariyar farko da aka yi mini a ƙasar Sin, a filin jirgin Gwanzu aka yi ta. Jami'in da ke binciken kaya ya zaro wani ƙulli daga jakata, ya kwance tsumman atamfar a hankali, sai ga tsohon modem wanda a da fari ne, yanzu ya koma ruwan ƙasa, an naɗe masa wuya da salatif. Ya jujjuya shi, ya kira abokin aikinsa, suka yi magana da yarensu suka dara. Na tsaya ina murmushin dole, a raina ina cewa Alhaja ta gama da ni.

Sunana Sunusi. A Fagge nake da shagon gyaran kwamfuta, a layin da ke ɓullewa wajen tashar jirgin ƙasa. Duk wanda ya san shagon ya san halina guda biyu: ba na iya zama wuri ɗaya, kuma ba na zubar da komai. Kwamfutar da ta mutu tun ina yaron shago tana nan a saman kanta, wai ko wata rana za a nemi wani abu a cikinta. Matata Maryam takan ce duk ran da na rasu, sai an wuni ana kwashe gawar kwamfutoci kafin a kai ga tawa.

Alhaja Sidikatu ce ta turo ni. Bayarabiya ce haifaffiyar Sabon Gari, ƙawar marigayiya mahaifiyata, tana sayar da kayan lantarki a kusa da Bata. Ta yi odar kwantena guda ta rauta, ƙaramin akwatin nan da ake soka wa modem mai layin waya, shi kuma ya raba intanet ga shago ko makaranta. Masu kafe na intanet da masu makarantu da ƙananan asibitoci, daga cikin Kano har garuruwan gefe, sun riga sun yi magana da ita suna jira. Ba su ga akwatin ba. Ita ce ta ce zai yi, shi ke nan. Tun kafin a haife ni take kasuwa, ba a taɓa dawo mata da kaya an ce ta yi ƙarya ba. Wannan sunan ta damƙa mini, tare da ƙullin nan.

"Ni ban san turancinku na kwamfuta ba," in ji ta. "Ka soka masa wannan. In ya yi magana da shi, kayana ne. In bai yi ba, ba nawa ba ne. Kuma ka dawo mini da abina, shi ya fara kawo intanet shagona."

Wanda ya tare ni shi ne Alhaji Mudi, dillalin da ya haɗa cinikin. Ɗan unguwar Kwaciri ne a Kano, amma ya daɗe a Gwanzu har ya iya cin shinkafa da tsinke. Ya rungume ni kamar ɗan ɗakinsu, ya hau da ni wani bene inda wata mata ke sayar da tuwo da miyar kuka a ɓoye. Na ci har na kusa hawaye, alhali ban fi kwana ɗaya da barin gida ba. Na ce yaushe za mu masana'anta. Ya ce gobe.

Goben nan ta Alhaji Mudi ba ta zuwa. Yau ya kai ni kasuwar takalma, gobe kasuwar agogo, jibi ya ce mai masana'antar ya tafi biki. Bizata kuwa gajera ce, kullum sai na buɗe fasfo na duba ranar kamar za ta canja. Ɗakin masaukin ba shi da taga ta kirki, in na zauna bango ya matse ni, in na fita zafi mai danshi ya liƙe mini riga a jiki. Abin da ya fi damuna shi ne shirun lokacin salla. A Fagge ba ka bukatar agogo, masallatai ne ke tashinka su kwantar da kai. A can sai waya ta yi ƙara a aljihu, ka duba hagu da dama ka ga ba ruwan kowa. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na zauna kusa da wani dattijo, ya tashi ya koma tsaye. Wani ƙaramin yaro kuma ya shafa hannuna ya duba yatsansa. Uwarsa ta ji kunya ta miƙo mini lemo, na karɓa, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

Ran da na ce wa Alhaji Mudi in ba zai kai ni ba zan nemi hanya da kaina, ya dube ni ya ce, "Kai dai Sunusi gaggawarka ta yi yawa. Nan ba Kantin Kwari ba ne." Washegari muka hau jirgin ƙasa zuwa Shanzan, inda masana'antar take. Ni da na girma ina jin kukan jirgin tasharmu, wanda yake zuwa ran da ya ga dama, sai ga ni cikin wanda kafin ka gama gyara zama an ce an iso.

Shanzan

Mai masana'antar ya karɓe mu da shayi a 'yan kofuna kamar na wasan yara. Aka kawo samfur, irin wanda Alhaji Mudi ya taɓa kai wa Alhaja Kano. Na kwance ƙullina, suka kawo layi aka saka, na soka. Fitilar modem ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta tsaya cak. Ya yi. Aka tafa, aka turo mini takarda in sa hannu, don a fara ɗora manhaja a kan sauran akwatunan da ke jibge a ƙasa.

Ban san abin da ya hana ni ba. Wataƙila saurin da suka yi wajen miƙo biro ne. Na ce ina so in ɗauki guda daga cikin waɗanda aka ƙera wa Alhaja. Alhaji Mudi ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Na yi kamar ban ji ba. Muka sauka, na ɗauki ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da aka riga aka ɗora wa manhaja don gwaji, na soka modem. Fitila ta yi ta ƙyaftawa, ta ƙi tsayawa. Na ɗauki wani, haka. Sukudireba ba ta rabuwa da aljihuna, na buɗe akwatin a gabansu na ajiye kusa da samfurin. Komai iri ɗaya ne sai abu guda. Ƙwaƙwalwar da manhaja ke zama a cikinta, ta samfurin babba ce, ta kayan Alhaja ƙarama. Sun rage ta don su rage kashewa, kuma da manhajar ta ƙi shiga, sai suka yi mata aski.

Alhaji Mudi ya ja ni waje. "Ka ga ɗan'uwa, an riga an liƙa ƙwaƙwalwar nan, ba mai ɓamɓare ta. Ka sa hannu kawai. Kafin kaya su isa Kano an yi watanni. In an soka bai yi ba, ka ce matsalar sabis ce. Wa zai musa maka a Najeriya?"

"Alhaja fa?"

"Alhaja ta ci kasuwarta ta ƙoshi. Kai ne yaro. In kana so ma ka zauna nan, ina bukatar mai ido irin naka."

Gaskiya tsoro ya kama ni, ba tsoron Allah kaɗai ba, har da tsoron wurin. Mutumin nan shi ne bakina, shi ne ƙafata, shi ya san hanyar komawa masauki. Na ce ba zan sa ba. Ya ce to in nemi mai yi mini tafinta, ya tafi ya bar ni a bakin matakala.

Mai masana'antar ya sa aka kira injiniyar da ta haɗa manhajar, don ta fahimtar da ni cewa abin ba zai yiwu ba. 'Yar ƙaramar mata ce da furfura jefi-jefi, riƙe da gorar ruwan zafi, sunanta Lin. Ni Malama Lin nake ce mata har na taho. Ta fara bayani da guntun turancinta, sai idonta ya kai kan modem ɗin. Ta ɗauka, ta shafa salatif ɗin da babban yatsa. Ta rubuta wani abu a wayarta, wayar ta fassara, ta nuno mini: lokacin da take ɗaliba, da irin wannan take karatu a ƙauyensu, a kan rufin ɗaki. Ta juya ta yi wa maigidan magana mai tsawo. Ya ɗaga kafaɗa. Ta ce mini, "Gobe. Sama." Tata goben ta zo.

Ɗakin sama

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, bari in yi bayani a gajarce. A cikin kowace irin wannan na'ura akwai kanel, wato zuciyar manhajar, ita ke magana da ƙarfen kai tsaye. Na'urori kuma suna da yaruka da suke fahimtar juna da su a kan hanyar sadarwa, kuma ba dole ne kanel ta iya duka ba. Mai haɗa ta shi ke zaɓa. Akwai dogon jeri a allo, kowane yare da gurbi a gabansa. In ka sa tauraro, an ɗinke shi a jikin kanel. In ka sa harafin M, an ajiye shi a gefe, sai an bukata a ɗauko. In ka bar gurbin fayau, babu shi ke nan. Yaren da irin modem ɗin Alhaja ke bugo layi da shi sunansa PPP. Shi da 'yan rakiyarsa suka cire, domin masu sayen akwatin a wasu ƙasashe kebul suke jona masa daga bango, ba su san wahalar neman sabis ba.

Malama Lin ta ba ni kujera da kwamfuta a kusurwa, ta buɗe mini jerin, ta ce in mayar da abin da nake so, amma dole ya shiga ƙaramar ƙwaƙwalwar. Ta ƙara da cewa masana'anta za ta rufe don babban hutunsu na shekara, kuma da an dawo za a ɗora manhaja, tawa ko tasu.

A nan halina ya ci ni. Na mayar da PPP, wannan minti kaɗan ne. Amma da na ci gaba da sauka cikin jerin, kowane layi sai in ga fuskar wani a Kano. Ga wanda ke raba intanet daidai tsakanin kwastomomi, na tuna mai kafe na Bata da kullum ake faɗa a shagonsa don wani ya janye sabis yana sauke fim. M. Ga na ɓoyayyar hanya tsakanin ofis da ofis, na tuna asibitin da ke da reshe a Kwaciri. M. Ga wani na masu rediyon hannu, ban ma san mai amfani da shi ba, amma wa ya sani. M. A Fagge haka nake haɗa kanel ɗina, komai M, don kwamfutar tebur tana da wuri kamar fili. Na sa ta haɗu, na zagaya ɗakin, na leƙa taga, na dawo na zauna, na sake tashi. Da ta gama, ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwar nesa ba kusa ba.

Malama Lin ta duba abin da na yi, ta cire tabarau ta goge. Ta rubuta a waya: "M ma wuri yake ci. Gefen da kake ajiyewa, a cikin akwatin yake."

Na san haka. Wallahi na sani, hannuna ne bai sani ba. Kwanaki na ɓata ina cire ɗaya ina mayar da biyu, kowace haɗawa kuma sai ta ci rabin wuni, ni kuma ina safa da marwa har ma'aikatan ɗakin suka fara matsar da kujerunsu in na taso. Da azahar nakan sauka wani lungu inda na gano shagon taliya na wani Musulmi mai farar hula. Ran farko na yi masa sallama, ya amsa. Ba mu da yare ɗaya bayan wannan, amma kullum sai na tarar da dafaffen ƙwai a ƙasan kwanona wanda ban ce a sa ba, kuma yakan shimfiɗa mini kwali a tsakanin buhunan fulawa in yi salla.

Ana cikin haka Alhaja ta kira. Alhaji Mudi ya riga ni, ya ce mata na zo ina yawon buɗe ido, na hana a gama kaya, har na ɓata da masu masana'anta. Na tsaya a bakin titi, motoci na wucewa, na kwashe komai na faɗa mata, har da ƙwaƙwalwa da kanel. Ta bayanta ina jin hon ɗin 'yan adaidaita da muryar mai rake, na ji kamar in shiga cikin wayar.

"Sunusi."

"Na'am, Alhaja."

"Ni ban san kanel ba. Na san Mudi, na san ka tun kana yawo ba wando. Jiya shugaban wata makaranta ya zo daga Bichi, na ce masa ya ƙara haƙuri, yarona yana can. Ka ji abin da na ce masa?"

"Na ji."

"To ka ci abinci. Muryarka ta yi sirara."

Na koma sama na share duk M ɗin da na zuba, ina yi ina jin kamar ina watsar da kayan shagona a titi. Na bar PPP da 'yan rakiyarsa kawai. Na haɗa. Ta ƙi shiga, da ɗan kaɗan, abin da bai taka kara ya karya ba. Na nuna wa Malama Lin shafukan ado da masana'antar ta cusa a manhajar, masu hotuna da tambarinsu da wata hanyar haɗa akwatin da manhajarsu ta waya. Na ce a cire wannan, ba mai bukatarsa a Kano. Ta girgiza kai da sauri, ta nuna ƙasa, wajen ofishin maigida, ta ja yatsa a wuyanta. Wannan ba a taɓa shi.

Abu ɗaya babba ya rage da za a iya cirewa, IPv6, sabon tsarin adireshin intanet wanda duniya ke komawa kansa a hankali. Na kai hannu kan layin. Ta riƙe mini hannun riga. Ashe ita ta yi rigima da maigidan aka bar shi tun farko. Ta rubuta: "Wannan na gobe ne. In ka cire, wata rana akwatunan za su tsufa da wuri." Na karɓi wayar na rubuta mata cewa na sani, amma mutanen da ke jira yau suke jira, kuma akwatin da bai yi aiki ranar farko ba, ba zai ga goben ba, a kwata za a jefa shi tare da sunan wata tsohuwa. Ta karanta. Ta saki rigar. Ni na share gurbin da hannuna, kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Wannan karon manhajar ta shiga. Muka ɗora a akwati ɗaya, muka soka modem, sai muka tuna layin da aka yi gwajin farko da shi na ofishin maigida ne. Malama Lin ta kashe wayarta, ta zare layinta ta miƙo mini. Fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta tsaya. Na tashi na zauna, na sake tashi. Ita kuwa ruwan zafinta kawai ta kurɓa.

Sai dai bizata za ta ƙare tun ana cikin hutu. Ba zan ga ranar ɗora manhaja ba. Maigidan ya yi mini alkawari da baki, ya haɗa da murmushi irin na ranar shayi, kuma na san Alhaji Mudi yana nan, ni ba na nan. Na sa hannu a kan sharaɗin manhajata za a ɗora, ina sane da cewa takarda ba ta tsaron layin masana'anta. A ranar ƙarshe na ɗaure modem a tsummansa na sa a aljihu, na kai bakin ƙofa, na dawo. In ba shi, da me Malama Lin za ta gwada akwatunan da aka ɗora wa manhaja? Irinsa ya ƙare a kasuwarsu. Na ajiye ƙullin a kan teburinta. Ta dube shi, ta dube ni, ta buɗe aljihun tebur ta sa, ta kulle.

Fagge

Na dawo gida na tarar wahalar tafiyar ba ta ƙare ba, wuri kawai ta canja. Da na je gaida Alhaja, abin da ta fara tambaya shi ne abinta. Na faɗa mata. Ta ce, "Na aike ka da abu ɗaya, ka dawo da labari." Daga ranar duk wanda ya shigo shagonta ina nan sai ta ce, "Ga wanda ya sayar da modem ɗina ya ci taliya." Wasa take yi, amma na lura ta rage zama a bakin ƙofa, inda masu jira ke iya ganinta.

Na aika wa Malama Lin saƙo bayan hutunsu, ta amsa da kalma ɗaya, wai ana aiki. Na sake aikawa, shiru. Alhaji Mudi ya daina ɗaukar wayata. Kaya suka hau ruwa, ni kuma na kasa zama a shago. In na buɗe kwamfutar wani sai in manta abin da ya kawo ta. Na daina bi ta Bata don kada mai kafe ya tare ni, ina zagayawa ta bayan tasha kamar mai laifi. Maryam ta ce tun da na dawo ƙafata ba ta daina kaɗawa ba ko a kan tabarmar cin abinci. Wata ranar Asabar na kwashe matattun kwamfutocin saman kanta na kira mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Da ya zo ya fara ɗorawa a kura, na ce ya sauke, na fasa.

Sabon Gari

Da hantsi motar ta iso daga Legas. Kafin a gama sauke kwalaye, labari ya zaga, shagon Alhaja ya cika: mai kafe na Bata, shugaban makarantar nan na Bichi, wani ma'aikacin asibiti, da 'yan kallo. Alhaja na zaune a kujerarta da carbi, ta sha ɗaurin kallabi kamar ranar biki. Ta ce, "Sunusi, buɗe a gabansu." Na so a ce mu biyu ne kawai.

A cikin kwalayen akwai ɗaya da aka zagaye da jan salatif. Shi na fara yankawa. A saman akwatunan, a tsakanin soso, ga ƙullin atamfa. Na miƙa wa Alhaja. Ta jujjuya shi.

"Wannan ba ɗaurina ba ne," in ji ta. "Amma wadda ta ɗaure shi ta san kayan mutane."

Ban yarda da kwalin da aka yi wa alama ba, masana'anta ta koya mini wannan. Na sa aka jawo wani daga can ƙasan tulin, na zaro akwati, mai kafe ya ba da layinsa, na soka modem ɗin Alhaja. Na jona kwamfutata don in ga abin da ke ciki. Layin farko da ya fito a allo ya nuna kanel ɗin ba tawa ba ce. Ranar haɗa ta daban, bayan na baro ƙasar. Na ce shi ke nan, sun mayar da tasu. Ina jin idon Alhaja a ƙeyata.

"Ta tsaya fa," in ji mai kafe. "Malam Sunusi, fitilar ta tsaya."

Mutane suka jona wayoyinsu da akwatin, wayoyin suka fara ƙara, saƙonni na shigowa. Shugaban makaranta ya ce alhamdu lillahi, ya fara zaɓen kwali. Ni ban ɗago ba, ina bin cikin manhajar. PPP na nan. Na ƙara sauka, sai ga IPv6, an mayar da shi. Na nemi shafukan ado na masana'anta da tambarinsu, babu ko ɗaya, sai wani shafi fari mai rubutu zalla. Abin da ta nuna mini wuya a kansa, shi ta cire, ta samar wa yaren modem da na goben wuri tare. A ƙarshen sunan kanel ɗin, inda mai haɗawa kan sa alamarsa, ta rubuta fagge da ƙananan haruffa. Sau ɗaya na taɓa nuna mata unguwar a taswirar waya.

Alhaja ta sayar da kayanta, ba wanda ya dawo da ko ɗaya, ta koma zama a bakin ƙofa. Na aika wa Malama Lin hoton fitilar da hoton Alhaja riƙe da ƙullin. Saƙon bai shiga ba. Bayan watanni wani ɗan Kantin Kwari da zai je Shanzan ya yarda ya kai mata turmin atamfa da Alhaja ta zaɓa da kanta. Ya dawo da shi. Ya ce ya hau har ɗakin saman, wani saurayi ne a kujerar, an ce masa ta bar aiki tun bayan hutun nan, ba wanda ya san inda ta koma. Ban sani ba ko ita ta tafi, ko kayanmu ne suka ci mata aiki, kuma wannan rashin sanin yana damuna har yau.

Na mayar wa Alhaja atamfar, ta ƙi karɓa. Ta ce, "Ba tawa ba ce kuma. Kai da ba ka zubar da komai, ajiye mata."

Tana nan a shagona a saman kanta, cikin leda, kusa da matattun kwamfutoci. Duk wanda na ji zai tafi Shanzan sai na sauko da ita na karkaɗe.